Ledar Da Ka Yar, Ina Ta Kwana?

Yau ina da wata ƙaramar tambaya dominka, ka amsa ta tsakaninka da lamirinka. Tun da gari ya waye, ledar fiya wata nawa ka sha? Wataƙila biyu, wataƙila biyar, gama zafin Accra ba ya raga wa kowa. Ruwan dai ya shiga cikinka ya kashe ƙishi, mun gode Allah. Ita ledar fa, ina take yanzu?

Kada ka rena tambayar nan domin ƙanƙantar abin. Ledar ruwa ba ta kai tafin hannu biyu ba, iska ma tana ɗaukarta. Amma a cikinta akwai wata babbar magana wadda masana suka daɗe suna muhawara a kai: idan abin da mutum ya ƙera domin amfani ya juya ya cuci wani, hakkin yana wuyan wa? Na wanda ya ƙera ne, ko na wanda ya sayar, ko na hukuma, ko kuwa na wanda ya yi amfani da shi ya yar? Bari mu bi sawun ledar nan tare, daga inda ta fito har inda take ƙarewa, mu ga ko za mu sami amsa.

Mu fara da godiya

Ba daidai ba ne mutum ya zagi rijiyar da yake sha. Saboda haka bari mu fara da faɗin alherin ledar nan.

Nima ta fara zama gari ne a farkon shekarun 1930, sa'ad da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu. A lokacin, wurin yana bayan iyakar birni, babu wanda ya shata masa tituna ko ya shimfiɗa masa bututun ruwa. Mutane suka yi ta zuwa daga arewa da ƙasashen maƙwabta, gida ya manne da gida, lungu ya haifi lungu, har Nima da Maamobi suka cika maƙil. Wasu dattawa sukan ce sunan Nima daga kalmar ni'ima ya fito. Amma ni'imar ruwan famfo ba ta taɓa isar kowa da kowa a nan ba. Ruwan Accra yana zuwa ne daga Weija a kan kogin Densu, da kuma Kpong a kan kogin Volta, birnin kuwa ya yi girma fiye da yadda bututun ya yi. In shekarunka sun kai, za ka tuna da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da aka yi wa laƙabi da sunan Shugaba Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009, domin a zamaninsa ne aka fi ganin mata da yara suna yawo da su neman ruwa.

Za ka kuma tuna yadda ake sayar da ruwan sanyi a tasha da kasuwa a dā. Yarinya tana ɗauke da bokiti a kai, da kofi guda ɗaya. Mai tari ya sha, mai lafiya ya sha, duk da kofin nan. Daga baya aka koma ɗura ruwa a farar leda ana ƙullewa da hannu, wani lokaci ma sai an hura ledar da baki kafin ta buɗe. Sai a ƙarshen shekarun 1990 injuna suka shigo, masu tace ruwa su ɗura rabin lita a leda su liƙe bakinta da zafi, ba tare da hannun kowa ya taɓa ruwan ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Uwar da famfon gidansu ya yi sati bai kawo ruwa ba ta sami abin da za ta ba jaririnta da kwanciyar rai. Dubban mutane sun sami abin yi: masu injin, direbobi, da 'yan talla a bakin titi. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa wajen kashi 37 cikin 100 na gidajen Ghana ruwan leda ne babban ruwan shansu, a birane kuwa ya haura rabi. Wato ya wuce ruwan famfo.

Saboda haka, ɗan'uwana, ba na zo in ce maka ledar nan aikin mugunta ce ba. Ni ma ita nake sha. Nauyin tambayar ma daga nan yake: abin da muke magana a kansa abu ne mai amfani, wanda ba za mu iya rabuwa da shi gobe da safe ba.

Abin da ba ya ruɓewa

Robar da ake yin leda da ita, wadda ake kira folitin, an gano ta ne ba da niyya ba. A shekarar 1933, wasu masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna wani gwaji, sai suka tarar da wani farin abu kamar kakin zuma a cikin tukunyar gwajinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da shi wajen naɗe wayoyin na'urar hango jiragen sama. Bayan yaƙi ya shiga kasuwa. A 1965 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda irin wadda muke zuba cefane a ciki, ƙirar wani injiniya mai suna Sten Gustaf Thulin. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya san akwai wani wuri da ake kira Maamobi, balle ya yi nufin cutar da shi.

Me ya sa duniya ta rungumi robar nan? Domin ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ruwa ba ya ratsa ta, ba ta kuma ruɓewa. To, ka lura da wannan da kyau. Halin da ya sa ta iya tsare ruwanka daga ƙazanta, shi ne halin da ya sa take toshe kwata. Kakanninmu suna naɗe waake da ganye, su sha koko a ƙoƙo, su ajiye ruwa a randa. Ganyen in an yar, akuya ta ci, ko ƙasa ta cinye shi cikin 'yan makonni. Hannunmu ya saba da yarwa tun zamanin ganye, ba kuwa laifi a lokacin. Yanzu abin da ke hannun ya canja, amma hannun bai canja ba. Kokon safe a leda, ƙosai a leda, tuwon zafi a leda, miyarsa a wata ledar, sa'an nan a haɗa duka a baƙar leda. Ledar da ka sha ruwanta cikin minti biyu za ta iya fin ka daɗewa a duniya.

Hanyar da take bi

Ka san babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Asalinta rafi ne. Tana gangarawa ta bi ta Asylum Down, ta faɗa cikin kogin Odaw kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda duk muke kira Circle. Odaw kuma ya wuce ta Agbogbloshie ya shiga tafkin Korle, daga nan sai teku. Duk ƙaramar kwatar da ke ƙofar gidanka, ɗiyar wannan babbar ce. Abin da ka jefa a lungunku ya kama hanyar nan ke nan.

Akwai wata al'ada da muka sani, ko da yake ba mu son faɗinta a fili. Da zarar hadari ya haɗu, ruwa ya fara sauka, sai a fito da bokitin shara a juye a kwata, a ce ruwa zai tafi da shi. Gaskiya ne, ruwa yakan tafi da shi. Amma zuwa ina? Ledoji sukan sarƙe a ƙarƙashin gada, yashi da laka su taru a bayansu, hanyar ruwa ta ƙuntata. In ruwan sama ya yi yawa, ba shi da wurin bi sai ɗakunan mutanen da ke gangare. In kuma rani ne, ruwan ya tsaya ya yi baƙi, sauro ya hayayyafa, bututun famfo da ya tsage a gefen kwata ya tsotsi ƙazanta.

A 2014 cutar kwalara ta ɓarke a Ghana, ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 240, yawancin masu cutar kuwa a yankin Accra suke. Bayan wannan ne gwamnati ta keɓe Asabar ta farko a kowane wata domin tsabtace gari. Sa'an nan a daren Laraba, 3 ga Yuni, 2015, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Odaw ya cika ya tumbatsa, Circle ya zama tafki. Mutane da yawa suka fake a gidan mai na GOIL suna jiran ruwa ya tsagaita. Man fetur ya malala a kan ruwan, wuta ta kama. Mutum sama da 150 suka rasa rayukansu a daren nan, ƙasa ta yi makoki na kwana uku.

Ba zan ce maka leda ce kaɗai ta jawo wannan ba, domin ba gaskiya ba ne. Ruwan ya yi yawa ƙwarai, an yi gine-gine a kan hanyar ruwa, magudanai sun cika da yashi, mai kuma ya zuba. Amma duk wanda ya ga abin da aka kwaso daga Odaw bayan kwanakin nan ya san cewa sharar gidajenmu tana ciki. Hannuwa da yawa ne suka haɗu suka toshe hanyar ruwan, ba kuwa wanda ya yi nufin kisa a cikinsu.

Wuƙa ba ta da laifi?

Sau da yawa za ka ji ana cewa, ai kayan aiki ba shi da laifi, wuƙar da ta yanka albasa ita ce ta yanka mutum, mai riƙe da ita ne abin tambaya. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Akwai wani fannin ilimi da ke nazarin yadda kimiyya da fasaha suke cuɗanya da zaman jama'a. Ɗaya daga cikin malamansa, wani masanin tarihi ɗan Amurka mai suna Melvin Kranzberg, ya bayyana a 1986 cewa ba za a ce fasaha a kanta mai kirki ce ko muguwa ba, amma kuma ba za a ce 'yar ba-ruwanmu ce ba. Abin da yake nufi shi ne, kowane abin da aka ƙera yakan tura mutane zuwa wata hanya, ya sauƙaƙa wani hali, ya wahalar da wani.

Ka gwada wannan da ledar ruwa. Ba ta da murfi, ba ta tsayawa a kan tebur. In ka fasa ta da haƙori, dole ka shanye. In ka shanye, abin da ya rage a hannunka jiƙaƙƙe ne, ba ka son sa shi a aljihu, mai sayarwa kuma ba ya bukatarsa. Tun daga ƙirarta, ledar nan tana ce wa hannunka, sake ni. Yanzu ka tuna da kwalbar lemo ta gilashi. Mai kanti ba ya barinka ka tafi da ita sai ka ajiye kuɗi, domin kamfani yana zuwa ya karɓi kwalabensa ya wanke ya sake cikawa. Sau nawa ka ga irin kwalbar nan tana yawo a kwata? Haka ma tsohon ƙarfe: ko ƙusa ka yar, samarin da ke tura kura suna sayen ƙarafa za su tsince ta kafin yamma. Mutanen da ke yar da leda su ne dai ba sa yar da kwalba. Halinsu ɗaya ne. Bambancin yana cikin shirin da aka yi wa kowane abu tun kafin ya iso hannunsu: an shirya wa kwalba hanyar komawa gida, leda kuwa an shirya mata hanyar fita kawai.

Akwai kuma wani abin da ledar ta yi mana a ɓoye. Famfo abin jama'a ne. In ya ƙafe, unguwa duka takan tashi ta yi kuka da murya ɗaya har a ji. Leda kuwa ta mai da ƙishi matsalar kowane mutum shi kaɗai da aljihunsa. Mai hali ya sayi jaka goma ya jibge a ɗaki, marar hali ya sayi ɗaya ɗaya, kukan ya ragu, bututun da ya kamata a gyara ya ci gaba da jira. Talakan da ke lungu yana biyan kuɗin lita ɗaya ninki da yawa fiye da wanda famfo ke zuba a cikin gidansa. Ka ga ashe ƙaramar leda ta shiga har cikin maganar adalci, da maganar wa ake ji in ya yi kuka.

Rabon mai ƙira da rabon hukuma

Wannan tunani ba sabo ba ne. A cikin dokokin da aka ba Isra'ilawa, a Maimaitawar Shari'a sura 22, an umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ɗan bango, irin abin da maginan Kano da Zariya suke kira rawani. Dalili kuwa, mutane suna hawa soro su sha iska, in wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa yana kan gidan. Ka lura, maigidan bai tura kowa ba. Wataƙila ma ba ya nan ranar da abin ya faru. Duk da haka ba a yarda ya ce wanda ya faɗo ne bai yi hankali ba. Tun da ya san mutane za su hau, ya kuma san ƙafa takan zame, tsaron ran baƙo ya zama sashe na ginin kansa.

Hausawa suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya kafa injin da ke fitar da dubban ledoji kowace rana ya san ba za su narke a iska ba. Yana da rabo a cikin tattara su, ko ta wurin sayen ledar da aka sha, ko ta wurin biyan masu tsinta. Ribar tana shiga aljihunsa, bai kamata asarar ta tare a ɗakin gwauruwar da ke bakin Odaw ba.

Hukuma ma tana da nata. Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki mai tsanani. Bangladesh ta hana siraran jakunkunan leda a 2002, bayan an ga yadda suka toshe magudanai a lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Amma mu yi hankali a nan. Jakar cefane daban, ledar ruwan sha daban. Wanda ya hana ruwan leda a Nima alhali bai kawo famfo mai tsabta ba, ya hukunta mai ƙishi ne kawai. Aikin hukuma shi ne ta kawo ruwan, ta sa wurin zuba shara kusa da mutane, ta kwashe a kan lokaci, ta yashe magudanai kafin damina. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin GARID na gyaran yankin kogin Odaw, Nima kuwa tana cikin unguwannin da aka sa a shirin. Kai da ke zaune a ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa, kana da iko ka tambayi ɗan majalisar unguwarku inda aiki ya tsaya. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce, tana cikin aikin maƙwabci nagari.

To, ni fa?

A nan ne zuciya takan yi wayo. Da zarar mutum ya ji cewa mai inji yana da laifi, hukuma ma tana da laifi, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, ashe ba ni ba ne. Ɗan'uwana, alhaki ba kamar ƙosai ba ne da in an raba wa mutum goma kowa ya sami ɗan guntu. Mai inji zai amsa nasa cikakke, ni ma zan amsa nawa cikakke.

Bari in ba ka labarin kaina, ko da yake da kunya. Wata damina, mai aboboyaa da ke kwashe mana shara ya yi kwana huɗu bai zo ba. Bokiti ya cika, ƙuda ya dame mu. Da dare ruwa ya sauko, sai na ce wa yaron gidanmu ya je ya juye a kwata. Na kwanta na yi barci mai daɗi, gida ya yi tsabta. Bayan 'yan kwanaki na tafi gaishe da wata tsohuwa marar lafiya da ke zaune a gangare. Na tarar katifarta tana shanye a kan rufi, a bangon ɗakin kuma ga layin da ruwa ya bari, ya kai gwiwata. Na ce, “Mma, sannu da wannan wahala.” Ta ce, “Yauwa ɗana. Ruwan ba ya ba ni tsoro kamar abin da yake kawowa. Sharar mutanen sama ce take zuwa mana ziyara kowace shekara.” Ba ta san abin da na yi ba. Ban kuma iya cewa bokitina ne ya shiga ɗakinta ba. Amma na san inda kwatarmu take gangarawa. Na zo yi mata addu'a, sai na tarar ni ne mai bukatar gafara.

Na san abin da za ka ce, gama ni ma na faɗa. Za ka ce, tawa guda ɗaya ce, me za ta ƙara? Da yayyafi kogi kan cika. Ka yi lissafi: jaka ɗaya tana da leda 30. Iyalin da ke shan jaka ɗaya kowace rana sun fitar da leda 10,950 a shekara. Gidan haya mai iyali goma irin wannan ya haura 100,000. Babu wanda ya taɓa jefa dubu ɗari a kwata da hannunsa. Ɗaya ɗaya aka jefa su, kowa yana cewa tasa ba kome ba ce.

Za ka ce kuma, babu kwandon shara a titi, mai aboboyaa kuma kuɗi yake karɓa, ni kuwa da kyar nake ciyar da yara. Wannan uzuri yana da nauyi, ba zan yi wasa da shi ba. Wanda ba shi da zaɓi, alhakinsa bai kai na mai zaɓi ba, Allah kuwa ya san abin da ke aljihun kowa. Amma ka duba da gaskiya, wanda sharar take sauka a ɗakinsa yawanci ya fi ka talauci. Kuɗin da ka ƙi ba mai aboboyaa bai ɓace ba, tsohuwar nan ce ta biya shi da katifarta. Matsawar da aka yi maka ba ta ba ka izinin matsa wa na ƙasa da kai ba.

Abin da ya sa wannan irin laifi yake da sauƙin yi shi ne, ba ka ganin fuskar wanda ka cuta. Da a ce za ka ɗauki bokitin da hannunka ka juye a tsakar ɗakin maƙwabcinka yana kallonka, da ba za ka taɓa yi ba. Kwata ce take yi maka aiken, da dare, a nesa. Yawancin kayan zamani haka suke, suna tsawaita hannunmu har ya kai inda idonmu ba ya kaiwa. Wayar da ke aljihunka ma haka take. Shekara da shekaru samari, yawancinsu daga arewacin Ghana, suna ƙona wayoyin lantarki a Agbogbloshie, a bakin Odaw ɗin nan, domin su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin, har aka rushe wurin a 2021. Masu kayan da suka ƙare a can ba su taɓa jin tarin samarin nan ba. Saboda haka mutumin kirki a zamanin nan dole ya koyi aika tunaninsa ya bi hannunsa har inda ya tsaya. Maƙwabcinka ya wuce wanda kuke haɗa bango da shi. Duk wanda ruwan ƙofarka yake gangarawa wurinsa maƙwabcinka ne.

Abin yi a wannan mako

Kada ka tashi daga karatun nan da baƙin ciki kawai, gama baƙin ciki ba ya yashe kwata. Ka rataye tsohon buhu a tsakar gida, a riƙa tara ledojin ruwa a ciki daban da sauran shara. Akwai mata da tsofaffi da ke tsintar su suna sayar wa masu narkewa a kan kilo, busasshiyar leda mai tsabta kuwa ta fi musu daraja a kan wadda suka ciro daga laka. Abin da ka ɗauka shara ne, cefanen wata ne. In kana cikin trotro, ka matse ledar ka riƙe har ka sauka. In za ki sayo koko da safe, 'yar'uwata, ki tafi da kwanonki kamar yadda iyayenmu suka yi. Ku 'yan gida ɗaya ku haɗa kuɗin mai aboboyaa, ku kuma yi alkawari cewa ba bokitin da zai fita sa'ad da ruwa yake sauka. In an kira aikin gayya na yashe kwata, ka fito, kada ka tambayi ko masallaci ne ya kira ko ikilisiya, gama ambaliya ba ta tambayar wannan in ta zo. Tsinke ɗaya ba ya shara.

Sa'an nan ka koya wa kanka da 'ya'yanka wata al'ada. Duk sabon abin da ya shigo gida, ko waya ce, ko maganin sauro, ko batir, ku tambaya: wa ya amfana da shi, wa zai ɗauki wahalarsa, ina kuma zai kwana in mun gama da shi? Ba sai ka je jami'a kafin ka yi waɗannan tambayoyi ba. Yaron da ya saba da su tun yana ƙarami, in ya girma ya zama injiniya ko ɗan majalisa, zai gina soronsa da rawani.

Addu'a

Ya Allah Mahalicci, mun gode maka domin ruwan da muke sha, da hikimar da ka ba mutane ta tsabtace shi. Ka gafarta mana cutar da muka yi wa waɗanda ba mu gani ba. Ka ta'azantar da iyalan da ambaliya da wuta suka raba da nasu. Ka ba masu ƙira da masu mulki tsoronka, mu kuma ka ba mu zuciyar da za ta tuna da na gangare kafin hannunmu ya saki abin da yake riƙe da shi. Amin.